Gauɗen Dutse a Rabin Duro

Utaibiyya, Makka
Watan Muharram

Rumasa'u, an ciro shi da ransa! Gauɗen nan naki ga shi tsaye a gabana yanzu da nake rubutu, ganyensa kore shar, babu wanda ya yanƙwane sai na reshe ɗaya da ya karye a mota.

Na san za ki ce tsohon nan ba shi da ladabi, ya buɗe takarda ba sallama. To, assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙafar nan taki? Yaya mutanen Rano, manya da yara? Mu nan lafiya lau muke, sai zafi, sai kuma idona na dama da yake ƙara gani dishi-dishi.

Kin riga kin ji cewa rusau ya iso layinmu a Nakkasa. Ranar tashi kowa na fama da firji da katifu, ni kuwa na ɗauko kujera na zauna a gindin gauɗen, na ce ba zan shiga mota ba sai da shi. Ke kin san dalili, tunda ke kika jawo. Shekarar da kika zo aikin Hajji kika kwance bakin mayafinki kika zuba mini busassun 'ya'yan gauɗe a tafin hannu, saboda na taɓa gaya miki ban riƙe komai na gida ba sai ƙamshin wani farin fure a kan dutsen bayan gidan kakarmu. Ina ƙaramin yaro aka taho da ni ta Chadi da Sudan. Fuskar kakar ta ɓace mini, ƙamshin ya zauna. Marigayiya matata Ummulkhairi ce ta cusa irin a tsagin dutse, kusa da inda muke alwala. Guda ɗaya ya fito. Ya girma har ya kawo mini ƙirji, amma bai taɓa yin fure ba. Ta rasu tana jiransa, Allah ya jiƙanta.

Ɗana Talal, wanda yake aiki a Jidda, ya zo ya tsaya a kaina cikin farar jallabiyarsa mai guga. Ya ce, "Abuya, wallahi a kasuwa akwai itatuwa masu fure iri-iri. Gobe in cika maka gida da su." Na ce masa na kasuwa ba su san uwarsa ba. Sai na ga ya tuɓe jallabiyar ya rataya a ƙofa, ya je ya aro diga. Saiwar ta riga ta rungume dutsen, dole ya fasa dutsen ya haɗo da shi. Sai da tafin hannunsa ya yi bororo. Ina zaune ina ba da umarni, yana cewa, "Tayyib, Abuya, tayyib," wato to, to, yana haƙa inda ya ga dama.

Sabon gidan a ƙasan bene yake, yana da ɗan tsakar gida wanda tabarma uku za su rufe. Jikata Manar, 'yar Talal, wadda take zaune da ni tana karatu a jami'a, ta samo rabin duro muka cika da ƙasa muka dasa shi. Kuma kin san wata sa'a? Kin ga mu nan ba ma zubar da ragowar zamzam a magudana. Wanda ya sha ya rage a kofi, ko aka ɗauraye jarka, sai an nemi wuri mai tsarki a zuba. Mutanen benen nan sun daɗe ba su da inda za su kai, domin ko'ina siminti ne. Da maƙwabciyarmu Hajiya Jannatu, mutumiyar Abeche, ta ga duron, har tafi ta yi. Yanzu daga hawa na sama har na ƙasa kowa nan yake saukowa da kofinsa. Ki faɗa mini, a duk ƙasar Rano akwai gauɗen da ya taɓa samun wannan gata?

Saura magana ɗaya. Talal yana so in koma wurinsa a Jidda, hawa na tara, inda mutum zai zauna kamar tantabara a akurki yana leƙen motoci. Tun da na zame a banɗaki bara hankalinsa bai kwanta ba. Ni kuwa a nan mota ɗaya nake shiga in sauka a Harami, kuma a garin nan aka binne uwarsa. Na ce masa matuƙar gauɗen nan na da rai, ba inda za ni, domin ba a shuka itace a hawa na tara. Ya ce, "In ya mutu fa?" Na ce in ya mutu in bi ka, ba gardama. Manar ce shaida. Yanzu ga shi da ransa, ki taya ni dariya.

Kada ki yi wa rubutuna ba'a. Gemuna ya yi fari kafin in zauna a makarantar dare, kuma tunda kunnena ya yi nauyi har waya ba ta yi mini amfani, alƙalamin nan shi ne bakina. Zan ba Alhaji Usaini na Rurum takardar, shi ne ƙarshen alhazan wajenku da suka rage.

Ɗan kawunki,
Rabi'u


Rano
Watan Safar

Zuwa ga taubashina, tsohon Makka, wanda ya koyi karatu bai koyi gaisuwa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Talal da iyalinsa da amaryata Manar. Ka ga yadda masu hankali suke fara takarda. Ka ajiye wannan a ƙarƙashin matashinka ka riƙa kwafa.

Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Ƙafar tana nan yadda ka san ta, in hadari ya taso ita take fara sanar da ni.

Na ji daɗin labarin gauɗe ƙwarai, har na karanta wa matan gidan nan sau biyu. Da na zo wurin da Talal ya tuɓe jallabiya sai da na share hawaye. Yaron nan shi ya tura ni a keke tsakanin Safa da Marwa lokacin da ƙafata ta ƙi, yana yi mini Hausarsa mai kama da ta mai koyon tafiya. Kada ka matsa masa. Tsoro yake ji kada wata rana a kira shi a ce an tsince ka a ƙasa.

Amma kai ma da abin mamaki kake. Mutum mai jikoki ya ɗauki zamansa da tashinsa ya ɗaura a ƙafar itace! Da akuya ta shigo gidan ta cinye shi fa, sai ka tattara ka tafi Jidda saboda akuya?

Dutsen da kake tunawa yana nan, sai dai masu fasa dutse sun cinye gefensa na gabas. Gauɗen ma ya yi ƙaranci, yaran yanzu ba su san ana shan 'ya'yansa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ka ce naka bai taɓa fure ba. Namu na nan ba mai kula da shi, ba mai ba shi ko ɗigon ruwa, kuma duk shekara sai ya yi. Wataƙila naka ya zama ɗan birni, yana jin kunya.

Batun zamzam kuwa, kishi nake yi. Ni ina nan ina tattalin 'yar kwalbar da ka aiko mini, ba na buɗewa sai ciwo ya yi ciwo, ashe itace na can yana wanka da shi.

Ka ce wa Manar kada ta wahalar da kanta da turo hoto. Wayata 'yar ƙarama ce, magana kawai ta iya, ita ma sai na fita bakin titi.

'Yar gwaggonka, kuma gaba da kai a hankali,
Rumasa'u


Utaibiyya
Watan Rabi'ul Awwal

Assalamu alaikum, Rumasa'u. Ina fata kuna lafiya. Kin ga na gaishe ki, kada ki ce ban ji magana ba. Amma yau ba ni da ƙarfin wasa.

Gauɗen ba shi da lafiya. Ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya, na ce ko gajiyar tashi ce. Yanzu kullum da safe sai Manar ta share ganye cike da hannu biyu. Waɗanda suka rage sun yi laushi sun sunkuya. Ƙasar duron kuma tana wani irin wari da ban gane ba.

Ba mu zauna haka ba. Hajiya Jannatu ta ce zafin garin nan ne, a ƙara masa ruwa. Ta bi gidajen layin ta faɗa, yanzu har waɗanda ba na benenmu ba suna aiko da ragowar zamzam ɗinsu. Wani mai shago ɗan Yaman ya kawo jarka guda cikakkiya, ya ce sadaka ce ga marigayiya. Ban taɓa ganin mutanen kirki irin waɗannan ba. Ni ma nakan karanta abin da ya sauƙaƙa in zuba da hannuna. Duk da haka ganyen zuba yake yi.

Talal ya zo ranar Alhamis. Ya daɗe yana kallon duron. Da zai tafi sai ya ce matarsa Ghada ta sa an yi wa ɗakin baƙi fenti. Bai ce don ni ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Likita ya ce yanar idona ta nuna, za a cire. A Jidda za a yi aikin, kuma zan zauna can har ya warke, Manar ma za ta bi ni don hutunsu ya zo. Na bar wa Hajiya Jannatu amanar gauɗen, ta yi mini rantsuwa ba zai kwana da ƙishi ba.

Ke kika tashi a gindin dutsen nan. In akwai abin da kuke yi wa gauɗe in ya yi haka, ki gaya mini da wuri. Na yi alkawari a gaban jikata, kuma ba zan zama tsohon da yake cin maganarsa ba. Amma wallahi ba na son tafiya.

Rabi'u


Rano
Watan Rabi'us Sani

Rabi'u, ku daina ba shi ruwa!

Ka ga ka koya mini rashin ladabinka. Assalamu alaikum, yaya ido, Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Yanzu ka saurara.

Gauɗen dutse sunansa, ba gauɗen fadama ba. A tsagin dutse yake rayuwa, inda ruwan sama yake wucewa bai tsaya ba. A Nakkasa ruwan alwalarku yana gangarewa ƙasa, shi ya sa ya jure. Yanzu kun sa shi a duro, kuma na tabbata ba wanda ya tuna ya huda gindin duron. Warin nan da kake ji, saiwa ce take ruɓewa. Nitsewa yake yi, ku kuna tsaye a kansa da kofuna kuna addu'a.

Kada ka ce na raina zamzam, Allah ya tsare ni. Ba laifin ruwan ba ne, yawansa ne. Ni ma da ban yi wautar yin kishi ba, da tun a takardar farko na gane.

Ga abin yi. A huda gindin duron wuri da yawa, a ɗora shi a kan duwatsu ruwan ya tsiyaye. A kwashe ƙasar sama a zuba tsakuwa. Daga nan a ƙyale shi, ko ɗigo kada a ba shi. Sauran ganyen duk za su zube, ya zama kamar tsinken tsintsiya. Kada ka firgita. Haka namu suke yi duk rani, su tuɓe tsirara su yi barci, sai an yi ruwan farko su farka. Ina jin ma abin da ya hana naka fure ke nan, ba a taɓa barinsa ya yi rani ba. In kana shakka, ka karce ɓawon da farce. In cikin kore ne, yana da rai.

Da na karanta takardarka ban iya jira ba. Na ɗingisa har bakin titi na kira lambar Talal. Na faɗa masa duk wannan da ƙarfi, mashina na wucewa, layin na yankewa. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Tayyib, Gwaggo, tayyib." Ban sani ba ko ya gane, ko kuwa irin tayyib ɗin nan ne da ka ce yana yi yana haƙa inda ya ga dama. Kuma na tuna shi ne mai riba in itacen ya mutu. Allah ya yafe mini zato.

Shi ya sa na rubuta. Zan ba Malam Mukhtaru, ƙanen mijin 'yata, zai taso Umra cikin kwanakin nan. Na ce ya fara zuwa wurinka kafin ya nemi masauki.

Rumasa'u


Utaibiyya
Watan Jimada Sani

Assalamu alaikum, Rumasa'u. Ina fata lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Ba halinki ba ne a tambaye ki abu ki ƙi magana, ke da ko ba a tambaye ki ba kina yi.

An yi aikin ido, alhamdu lillahi. Ina ganin layin tafin hannuna, ina ganin fuskar Manar, ashe yarinyar nan kamar kakarta take. Sai dai abin da na dawo na gani da sabon idon, da ma ban gani ba.

Na tarar da kwaɗo a ƙofar tsakar gida. Hajiya Jannatu ta tare ni a matakala tana kuka. Ta ce ina kwance a asibiti Talal ya zo shi kaɗai, ya yi ta buge-buge a ciki, ya fito ya kulle, ya ce kada wanda ya ƙara zuba wa itacen ruwa. Ta ce masa amana aka ba ta. Ya ce shi ya ɗauke mata. Ya ajiye musu wata tasa a bakin ƙofa, wai su riƙa zuba ragowar zamzam a ciki tantabaru su sha.

Da aka buɗe na shiga. Rumasa'u, ba ganye ko ɗaya. Ƙasar ta bushe ƙamas. Har duron ya huhhuda, ya ɗora a kan bulo, don kada ko laima ta zauna.

Ɗan da na haifa. Ina can a gidansa yana ɗiga mini magani a ido da hannunsa, yana ba ni shayi, ashe ya bar abin da uwarsa ta shuka yana mutuwa da ƙishi don ya ci gardama. Da ya ce mini kawai, Abuya, dole ka taho, da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauko buta zan ba shi ruwa, sai na fasa. Me za a ba gawa? Ban yi wa Talal magana ba tun da na dawo. In ya kira, Manar ce take ɗauka. Tana ta cewa, "Sidi, ka saurare shi mana." Haka jikoki suke kiran kaka a nan. Na ce ba abin da zan saurara. Alkawari dai na yi, zan cika. Na fara ɗaure littattafaina na makarantar dare.

In kin samu wannan, ki aiko amsa ta Jidda.

Rabi'u


Utaibiyya
Watan Rajab

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da dukan mutanen... Rumasa'u, ba zan iya ba. Ya yi fure! Ya yi fure! Sauran gaisuwar ki ƙarasa da kanki, kin fi ni iyawa.

Bari in bi miki daki-daki.

Takardarki ta yi yawon duniya kafin ta same ni. Malam Mukhtaru bizarsa ta makara, da ta fito kuma jirginsu a Madina ya sauka. Da ya iso Makka sai ya nufi Nakkasa, domin nan ya sani tun zuwansa na farko. Ya ce ya tarar da fili fetal, ya tsaya yana juyi da takarda a hannu. Sai a Harami ya gamu da wani tsohon maƙwabcinmu ya kwatanta masa. Ya shigo ya same ni zaune a tsakiyar kwalaye.

Na karanta a tsaye. Da na zo inda kika ce a huda duro a ɗora a kan duwatsu, sai na leƙa ta taga na ga duron a kan bulo. Na fita ba ko takalmi, na karce ɓawon da farcen babban yatsa. Kore, Rumasa'u. Kore mai laima, kamar cikin ɗanyen kara. Baƙo na tsaye, ni ina tsugune a gindin duro ina kuka da sabon ido, wanda likita ya ce kada in bari komai ya shiga.

Na ce Manar ta kira mini ubanta ta ce ya zo. Ya taso daga wurin aiki, ya shigo yana kallon ƙasa kamar shi ne mai laifi. Na ce, don me ba ka gaya mini gwaggonka ta kira ba? Ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Abuya, da na ce maka a daina ba shi zamzam, me za ka ce?" Ni da shi duk mun san abin da zan ce. Ya ce, "Kuma ban tabbata zai tashi ba. Rabin maganar Gwaggo na ji, sauran mashin ya tafi da ita. Na ce in ya mutu, gara ka yi fushi da ni da ka ce kai ka kashe shi." Na ce, to ai da ka yi shiru ka bar mu muna zuba ruwa, da yanzu ina ɗakin da Ghada ta yi wa fenti. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ummi ce ta shuka shi." Na kama hannun nan da ya yi bororo a Nakkasa na riƙe, muka zauna a kan kwalin littattafai har aka kira la'asar.

Ki janye zatonki, ni ma na janye nawa, kuma nawa ya fi naki muni.

Daga nan sai jira. Ban taɓa sanin hana abu ruwa ya fi ba shi wuya ba. In na ɗauki buta zan yi alwala, sai Manar ta biyo ni da ido. Hajiya Jannatu takan tsaya a bakin ƙofa da kofi, ta dubi tsinken nan, ta yi tsaki ta zuba wa tantabaru. Ta ce tantabarun layinmu yanzu sun fi na ko'ina albarka, har ƙiba suka yi.

Sai ga hadari ya taso ta wajen Mina, wata ranar da hantsi. Kin san ruwan garin nan, ba ya zuwa, in ya zo kuma kamar da bakin ƙwarya. Aka yi shi har tituna suka zama rafi. Na tsaya a taga ina kallon ruwa yana shiga duron ta sama yana fita ta ƙasa, na ce yau dai ba ni na ba ka ba, Mai shi ne ya ba ka.

Bayan 'yan kwanaki Manar ta ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore a kan rassan. Na ce ganye ne. Waɗansu ganyen ne, waɗansu kuwa suka yi ta tsawo suna nannaɗe kamar an murza takarda. Shekaranjiya da safe ina shan shayi a ɗaki, ban ma leƙa ba tukuna, sai wani abu ya shigo ta taga. Na ajiye kofin. Rumasa'u, na ga zanen kakarmu. Baƙi ne mai ratsin shuɗi, tana goye da ni muna hawan dutsen, ina jin numfashinta. Abin da na ɗauka ya ɓace tun ina yaro, ashe yana nan ajiye, ƙamshi yake jira.

Na fita. Fure uku, farare tas, a kan reshen da rabinsa tsirara ne. Da an yi wannan bara, da fari kawai zan gani kamar auduga. Yanzu har jijiyoyin da ke jikin furen ina gani. Na ce, Ummulkhairi, ga shi nan, ya makara amma ya zo.

Na farkon sun fara komawa ruwan ƙwai, yau wasu sun buɗe, kuma rassan cike suke da masu jiran layi. Manar ta ɗauki hoto ta tura wa duniya duka ban da ke. Tana tambayata sunansa da Larabci, na ce ba shi da shi, dole ta koyi cewa gauɗe. Tana ta gwadawa, harafin ɗ yana ba ta wuya.

Talal ya zo da Ghada da yara jiya. Ya sunkuya ya shinshina, ya miƙe ya ce, "Khalas, Abuya, ka ci," wato magana ta ƙare. Amma ya kafa sharaɗi, an sa mini ƙarfen riƙewa a banɗaki, kuma duk Alhamis a nan zai kwana. Na ce na yarda. Ghada ta ce ɗakin da aka yi wa fenti ba zai tafi a banza ba, na baƙi ne, kuma ta ji ana cewa akwai wata gwaggo a Rano mai yawan magana.

To, kin ji. Na kwance kwalaye, na cire kwaɗon daga ƙofa, tun safe mutanen layi suke shigowa. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya bar kofinsa a waje. Ke ma ki taho. Azumi ya kusa, ki sa yaranki su nema miki kujerar Umra, Talal ya ce keken nan yana nan kuma hannunsa ya warke. Ki zo da 'yarki da mijinta, da matan gidan da kika karanta wa takardata suka yi mini dariya, da Alhaji Usaini in jikinsa ya yi ƙarfi, da duk wanda ya taɓa hawa dutsen nan na bayan gida. Tsakar gidan tabarma uku ce, amma za mu shiga layi-layi. In furen ya ƙare kafin ki iso, ba komai, yanzu mun san yadda ake yi, za mu bar shi ya yi raninsa ya sake. Amma ki yi sauri dai. Ku zo ku gani, Rumasa'u. Ku zo ku shinshina ku gaya mini ko shi ne.

Ɗan kawunki, mazaunin Makka,
Rabi'u